Tsinken cin abincin 'yan Chaina zai iya riƙe gashi irin namu?

'Yar Fagge:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wadda ta san kan abin nan ta yi min bayani dalla-dalla. Akwai naɗin gashi da ake yi da tsinke ɗaya tal, irin wanda 'yan Chaina ke cin abinci da shi, ba ribom, ba roba, ba fil, amma gashin ya zauna daram tun safe har dare. Gashin da nake tambaya a kansa irin namu ne mai cika, ba a sa masa rilaksa ba, in an miƙar da shi yana wuce kafaɗa kaɗan. Ta ina tsinken yake shiga, ta ina yake fita? Kowane tsinke ne yake yi? Kuma zai zauna a ƙarƙashin ɗankwali da hijabi? Abin da ya sa nake nema, roba tana cinye gashi daidai inda take kamawa.

Anti Mai Kitso:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Yana riƙewa sarai, har ma ya fi riƙe namu a kan gashi mai santsi, domin namu silinsa a murɗe yake, yana kama juna da kansa. Abin da za ki fara riƙewa a ranki shi ne, tsinken ba ɗaure gashi yake yi ba, ɗinke shi yake yi kamar allura. Wuri uku yake ratsawa: gefen gammon gashin, sannan gashin da ke kwance a kan fatar kai, sannan ɗaya gefen gammon. Na tsakiyar nan shi ne ginshiƙi. In tsinke ya tsallake shi, to ado kawai kika soka, kina sunkuyawa komai zai warware.

Kafin ki taɓa tsinke, gashin yana buƙatar a miƙar da shi. Namu in an wanke yana tsukewa, wanda ya kai kafaɗa sai ya koma bai wuce kunne ba, kuma ba za a iya naɗa shi haka ba. Bayan wanki ki raba shi gida 6 ko 8, ki yi manyan kalaba ko kitson zare, ki bar shi ya kwana ya bushe. Da safe ki tsefe, ki taje da mataji mai manyan haƙora, daga baki kina hawa zuwa tushe. Man kaɗe kamar ƙwayar gyaɗa 2 ya isa kai gaba ɗaya, ki fi ba wa bakin gashin. In kika cika mai, hannunki ma ba zai iya riƙe tsinken ba.

Yanzu naɗin. Ki tattara gashin da hannu a ƙeya, sama kaɗan da inda wuya ya fara, kamar za ki sa ribom amma kada ki sa. Ki murɗa jelar ɓangare ɗaya, murɗi 3 zuwa 4, har ki ji ta fara neman lanƙwashewa da kanta. Kada ki yi mata gardama, inda ta nufa nan za ki bi da ita, ki zagaya da ita a kan tushenta kamar yadda ake naɗa gammon ɗaukar tulu. Kowane zagaye ya kwanta a gefen na baya kuma ya taɓa fatar kai, kada ya hau kan ɗan uwansa ya yi tsini. Bakin jelar ki cusa shi ƙarƙashin gammon, ki danne duka da tafin hannun hagu.

Nan ne wurin da kowa ke kuskure, don haka ki bi a hankali. Ki ɗauki gammon kamar fuskar agogon bango. Da hannun dama ki soka tsinin tsinken a zagayen waje, wajen ƙarfe 2, ki ɗebo gashi kamar kaurin ɗan yatsa. A wannan sukar ta farko tsinin ba tsakiyar gammo zai kalla ba, waje zai kalla, kamar zai fice daga gammon ya taɓa fatar kai a gefensa. Da kin ji ya taɓa fata, ki ɗan ɗebo gashin wurin kaɗan, sai ki juya gindin tsinken ya kifa zuwa waje, tsinin ya dawo yana kallon tsakiya. Daga nan ki tura shi yana shafar fatar kai, yana bi ta ƙarƙashin gammon, har ya ɓullo wajen ƙarfe 8 ta cikin zagayen waje na can ɓangaren. Wannan kifawar ita ce take ɗaure komai, za ki ji gammon ya matso ya manne da kai.

Gwajinsa: ki saki hannu, ki girgiza kai, ki sunkuya kamar za ki yi ruku'u. In bai motsa ba, ya yi. In kuma kina jin sili ɗaya yana ja kamar ana tsikararki, ki zare ki sake. Kada ki ce zai saki da kansa, ba ya saki, karyewa yake yi.

Baban Sadiku Kafinta:

Hajiya, ni ɓangaren icen zan taɓa, naɗi na masu shi ne. Ba kowane tsinke ne zai shiga gashi lafiya ba, kuma yawancin wanda ake samu a kasuwa sai an yi masa aiki.

Na 'yan Chaina tsawonsa yana kai inci 10, bakinsa a dakushe, gindinsa sau da yawa mai kusurwa huɗu. Na Japan ya fi gajarta, wajen inci 8 zuwa 9, kuma yana sirancewa har ya yi tsini, shi ya fi kusa da abin da kike so. Na Koriya ƙarfe ne, da yawansa a baje yake kamar an danne shi, gefensa na iya yankar gashi, a bar shi. Wanda ake bayarwa da abincin tafi-da-gidanka, guda biyu a manne sai an ɓalla, shi ne mafi muni: icen ba shi da ƙwari, kuma inda aka ɓalla yana barin sartse da zai riƙa tsinka gashi ɗaya bayan ɗaya.

Tsawon da ake buƙata, a auna faɗin gammon da tef ɗin tela, a ƙara inci 1 ta kowane gefe. Galibi yana faɗawa tsakanin inci 5 da 7. Kauri kuma kamar na fensir ko ƙasa da shi kaɗan. A yanke daga gindi, kada a yanke daga baki, don sirancewar bakin ita ake so. Zarto mai ƙananan haƙora, irin na yankan ƙarfe, shi ya fi yanka gora ba tare da ya tsaga ta ba, kuma a riƙa juya tsinken ana yanka zagaye. In bakin a dakushe yake, a sa shi a abin fiƙe fensir a juya sau 3 ko 4 kawai, sannan a dakusar da tsinin da samfefa har ya zama in an danna shi a tafin hannu ba ya zafi. Tsini mai kaifi fatar kai yake karcewa.

Goge shi kuma hawa-hawa ne: samfefa lamba 180, sai 240, a ƙarasa da 400, ana bin tsawon icen ba a gicciye ba. In an gama, a ja shi a jikin tsohon mayafin shifon. Duk inda ya kama zare, zai kama gashi, a koma a sake gogewa. Daga nan a shafa masa man kaɗe ko kakin zuma, ya kwana, a goge da tsumma. Ban ba da shawarar fenti ko banish ba, domin da ya fara ɓarewa kowace ɓarar tana zama ƙugiya. Da hunturu ice yana bushewa ya tsage kamar yadda ƙafa take kaushi, sai a riƙa sabunta man duk bayan mako 2.

Gora ta fi icen banza juriya saboda tana lanƙwasa kafin ta karye. Amma ga mai gashi da yawa, gara a kai wa masassaƙi, irin masu yin muciya da koshiya, ya fitar da shi daga ice mai tauri kamar kanya ko maɗaci. A gaya masa zaren icen ya bi tsawon tsinken daga baki har gindi. In zaren ya karkace, a wurin kifawar nan da Anti ta faɗa zai ɓalle gida biyu.

Maman Ilham:

Anti ta yi bayani mai kyau, amma ina da ja a wuri ɗaya. Gashin da ya wuce kafaɗa kaɗan, kuma mai cika, da wuya ya zagaya tushensa sau biyu. Kaurin ne yake cinye tsawon. Zai yi zagaye ɗaya da ɗan rabi, bakin ya riƙa fitowa. Wannan gammon ya fi dacewa da wanda ya kai tsakiyar baya.

Ga mai tsawon kafaɗa, a jikin tsinken ake naɗawa. 'Yar uwa, ki riƙe jelar da hagu, ki murɗa ta sau 2 kawai. Ki ɗora tsinken a gicciye a kanta, kamar inci 2 daga tushe, ki naɗe sauran gashin a jikinsa sau ɗaya, ki danne bakin da babban yatsa. Sai ki juya tsinken gaba ɗaya kamar hannun agogo, rabin zagaye, in gashin ya yarda ki cika zagaye ɗaya. Za ki ji yana tsukewa. Da ya tsuke daidai, ki karkata tsinin ya taɓa fatar kai, ki tura shi ta ƙarƙashin tushen jelar ya fito can gefe. Ɗinkin dai ɗaya ne, wuri uku, hanyar zuwa ce ta bambanta. Haɗarinsa shi ne juyawar tana da ƙarfi fiye da yadda hannu ke ji, don tsinken yana aiki ne kamar sandar da ake ɗaga dutse da ita. Zagaye ɗaya ya isa, in kin ga fatar gefen goshi ta ɗaga to kin wuce gona da iri.

In ma hakan ya ƙi, ki raba kan biyu daga kunne zuwa kunne da kibiya. Na sama ki naɗa shi ki soke, na ƙasa ki murɗa ki zagaya da shi a ƙarƙashin tsinken, ki cusa bakin.

Masu kalaba ko kitso da atachi kuma nasu daban ne, domin ba su da sakakken gashi a fatar kai da tsinke zai ɗebo. A nan tsakanin kitso da kitso yake bi, ba ya huda kitson. Huda shi yana tsinka gashin da ke ciki ya sa kitso ya tsufa da wuri. Naɗin da ya fi musu shi ne na madauki: a tattara kalabar, a zagaya da ita a kan yatsu 3 na hannun hagu ta yi madauki, sauran tsawon a naɗe shi a tushe a ƙarƙashin yatsun har ya ƙare. A zare yatsun, a buɗa madaukin ya rufe naɗin, a soka tsinke ta gefe ɗaya na madaukin, ya bi ta ƙarƙashin tushen, ya fito ta ɗaya gefen. Babu murɗi ko kaɗan, shi ya sa ba ya ciwo. Kalaba mai nauyi tana son tsinke 2 a gicciye, na biyun ya bi ta ƙarƙashin na farko. Kuma kada a yi shi a sabon kitso, a bari ya kwana 3 ko 4 ya saki. Shuku da ma ya riga ya tattaru a wuri ɗaya, jelar kawai za a naɗa, amma kada a dogara tsinin a kan layin kitson a kifa, layin zai ɗaga daga tushe.

Wani abu a gefe, tun da sunan 'yan Chaina ake ta kira. Su kansu ba da tsinken cin abinci suke naɗa gashi ba, kuma da yawansu abin yana ba su mamaki, kamar a ce wata ta soka cokali a ka. Suna da tsinken gashi na musamman tun zamanin da, mai ƙafa ɗaya suna ce masa zan, mai ƙafa biyu cai, ana yin su da ice, ƙashi, azurfa, zinariya ko dutse mai daraja. A al'adarsu ta da, yarinya in ta kai shekara 15 ana yi mata bikin soka wannan tsinke, alamar ta girma. A Japan sunansa kanzashi, a Koriya binyo. Ga wadda za ta yi oda, tsinken gashi za ta nema, zai zo da tsawon da ya dace kuma a goge. Mai ƙafa biyun ma ya fi riƙe gashi mai cika.

Ummu Hafsa:

Tambayarki ta uku ba a taɓa ba, kuma a Kano ita ce babba, tun da kanmu a rufe yake wuni.

A ƙarƙashin hijabi, tsinken da ya fito fiye da rabin inci ta kowane gefe zai yi tsini a yadi, mai laushi ma ya huda shi. Don haka ma'aunin Baban Sadiku na inci 1 na zaman gida ne, na fita a rage. A kwance za ki soka shi, daga ƙarfe 3 zuwa 9 ko kusa da haka, kada ya tsaya a tsaye, in ya tsaya duk ɗaga kan da kika yi tsinin zai soki wuya. Ki ɗora hula mai laushi kafin hijabi. Mai kwalliyar beza ko sarƙa a gindi ki ajiye shi sai cikin gida, yana kama zaren mayafi.

Ɗankwali kuma yana son gammon ƙasa, don ƙullin ya zauna a samansa ko ya rufe shi. In ƙullin ya hau kan tsinken, yana danna shi cikin fata, kafin azahar kai ya ɗau ciwo. Na ƙasan kuma ya fi kwanciyar hankali ta fuskar addini, domin malamai suna jan kunne a kan tara gashi a tsakar ka ya yi tudu, saboda hadisin da ke cikin Sahihu Muslim mai maganar kawuna kamar tozon raƙumi. Shi ya sa ake yawan magana a kan acuci maza. Wajen alwala kuwa tsinke ya fi roba sauƙi nesa ba kusa ba: a Malikiyya kai gaba ɗaya ake shafa, daga goshi har ƙeya, to zarewa ɗaya gashi ya sauka, ki shafa, ki mayar cikin abin da bai kai minti ɗaya ba.

Abin da nake roƙon kowa da shi: mai goyo kada ta sa tsinke a ƙeya. Fuskar yaro daidai wurin take, kuma hannunsa yana kaiwa. Ko dakusasshe ne, ido ba ya ɗaukar wasa. Haka a adaidaita sahu ko mota, in za ki jingina kai, burki ɗaya ya isa ya tura shi cikin fata. Kuma ba a kwana da shi.

'Yar Fagge:

Allah ya saka muku da alheri, na gode ƙwarai. Anti, saura abu biyu. In tsinken ya shiga amma ya cije a tsakiya ya ƙi wucewa, me ya jawo? In kuma ya zauna da safe amma kafin la'asar gammon ya zazzago wuya fa?

Anti Mai Kitso:

Cijewa a tsakiya, ƙanwata, kusan kullum murɗi ne ya yi yawa. Kin tsuke gammon ya zama dutse, babu hanyar da tsinke zai bi. Gashi mai santsi yana buƙatar a murɗa shi sosai don kada ya zame, namu akasin haka ne, sassauci yake so, kifawar ce za ta tsuke shi daga baya. Ki rage murɗi ɗaya ki gani. In har yanzu yana cijewa, to ko kin ɗebo gashi da yawa a sukar farko, ko akwai ƙulli a tushen da mataji bai kai ba. Kada ki tura da ƙarfi. Ki riƙa murza tsinken tsakanin yatsu kina ɗan kaɗa tsinin sama da ƙasa, zai nemi hanyarsa tsakanin silin. Ƙarar ƙas-ƙas da kike ji in kin matsa, gashi ne yake tsinkewa.

Zazzagowa kuwa dalilinta uku ne, kuma za ki gane wanne ne daga yadda ya zube. In gammon ya sauko gaba ɗaya da tsinken a jikinsa, bai kama gashin fatar kai ba, ta cikin gammon kawai ya bi, ki tabbata kina jin sanyin tsinin a fata tun daga shiga har fita. In tsinken ne ya sulale ya bar gashin, santsi ya yi yawa, ko na mai ko na tsinken, irin na roba mai sheƙi da na ƙarfe sun fi yin haka, ki koma na ice. In kuma gefe ɗaya ne ya buɗe, tsinin ya fito ta ƙarƙashin zagayen waje maimakon ya ratsa shi, ko bakin jelar ba ya kan hanyar tsinken. Ki lura inda kika cusa bakin, ki sa tsinken ya bi ta kansa ya danne shi.

Maman Ilham ta yi gaskiya a kan tsawon, ki fara da nata naɗin, in gashin ya ƙaru ki dawo gammo. Mai rilaksa kuma ta kula da mahaɗar sabon toho da tsohon gashi, nan ne ya fi rauni, kuma daidai nan tsinke yake dogara. In tohon ya yi yawa ta sassauta naɗin sosai.

Yanayi ma yana da nasa. Da hunturu gashi yana bushewa ya ƙeƙashe, in kika murɗa shi a haka karyewa zai yi. Ki fesa ruwa sau 4 ko 5 daga ɗan nesa, ya yi laushi ba ya jiƙe ba, sannan ki shafa mai. Jiƙaƙƙen gashi kuwa ba a naɗa shi ko da wane lokaci ne: yana miƙewa fiye da ƙima ya raunana, kuma cikin gammon ba ya bushewa, ga zafin bazara ga hijabi, sai wari da ƙaiƙayin kai. Ki kuma riƙa sauya wurin zaman gammon, yau tsakiyar ƙeya, gobe ya ɗan karkata dama, jibi hagu, kuma ki sauya gefen da tsinke ke shiga. Ja a wuri ɗaya kullum shi ke cinye gashi, ko da roba ko da tsinke, kuma gaban goshi da ƙeya ne suke fara tafiya.

Wajen cirewa, ki dafe gammon da hagu tukuna, ki murza tsinken kaɗan, ki zare shi ta hanyar da ya shiga, wato ki ja daga gindi. In kika ja shi ta tsini, kaurin gindin ne zai ratsa gashin ya tafi da wanda ya samu. Sannan ki warware murɗin da yatsu kafin mataji ya shiga.